Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Kula da Filin Ƙungiya a Second Life

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi masu daraja.

Kwamitin kula da fili yana gabatar muku da bayanin ayyukan da ya gudanar a shekarar da ta ƙare, waɗanda mafi yawansu suka ta'allaƙa ne a kan tambayar wane ne ke da izinin yin gini a filinmu na tarayya, wane ne kuma ke da ikon kwashe abin da wani ya gina. Domin amfanin sababbin mambobi, muna tunatarwa cewa Second Life duniya ce ta intanet da kamfanin Linden Lab na birnin San Francisco a Amurka ya buɗe a shekarar 2003, kuma filinmu yana kan babbar nahiyar da kamfanin ke gudanarwa da kansa. An mallaka filin ga ƙungiya, ba ga wani mutum ɗaya ba, saboda haka hukuncinsa kamar na gonar gandu ne: kowa yana da hakki a cikinsa, amma babu wanda zai yanki gefe ya ce nasa ne.

Tushen duk wata matsala da muka fuskanta shi ne ƙayyadadden nauyin kayan da fili ke iya ɗauka, wato jimillar makin da manhajar ke lissafa wa kowane abin da aka ajiye a kansa. Kowane yanki a wannan duniya yana da faɗin mita 256 da tsawon mita 256, wato murabba'in mita 65,536, kuma tun daga shekarar 2016 cikakken yanki na babbar nahiya yana ɗaukar nauyin kaya 22,500, wanda ke nufin kowane murabba'in mita 1,024 yana samun 351 kacal. Wannan kaso na ƙungiya ne baki ɗaya, domin manhajar ba ta raba shi mutum-mutum, don haka idan mamba ɗaya ya kafa katafaren bene mai yawan ado, sai sauran su tarar ko kujera ba sa iya ajiyewa, sai dai saƙon da ke cewa fili ya cika.

Aiki na farko da kwamiti ya yi shi ne rufe ƙofar gini ga baƙi. An sauya tsarin fili ta yadda mambobi ne kaɗai ke iya fitar da kaya daga rumbunsu su ajiye a filin, aka kuma kunna agogon nan da ke mayar da duk wani abin da ba ya ɗauke da sunan ƙungiya ga mai shi bayan wasu mintuna. Tarkacen motoci da akwatunan da masu wucewa ke bari sun ɓace nan take.

Sai dai wannan agogo ya zo da tasa rigimar, kuma a nan ne kwamiti ya fi shan aiki. Agogon ba ya duba ko mai kaya mamba ne. Abin da yake dubawa shi ne ko an jingina kayan ga ƙungiyar da ke da filin, kuma hakan yakan dogara ne da lambar ƙungiyar da mutum ke sanye da ita a saman kansa a lokacin da ya fitar da kayan. Wata 'yar uwa ta ɗauki tsawon yini tana haɗa rumfar taro da tabarmi da fitilu alhali tana sanye da lambar wata ƙungiyar ta daban, kuma kafin ta kira jama'a su gani, komai ya koma jakar tsintuwa da ke cikin rumbun kayanta, a dunƙule wuri ɗaya. Ta shigar da ƙorafi cewa wani ne ya rushe mata aiki da gangan, kuma sai da aka zauna aka fitar da dunƙulen a gabanta kafin zargin ya kwanta. Daga nan kwamiti ya kafa allo a mashigar fili da ke tunatar da kowa ya duba lambarsa kafin ya fara aiki, ya kuma shawarci masu amfani da Firestorm, ɗaya daga cikin manhajojin da ake shiga Second Life da su, su kunna zaɓin da ke sa kaya su ɗauki sunan ƙungiyar da ke da fili kai tsaye.

Aiki na biyu shi ne sake fasalin muƙamai. A da, ikon mayar da kayan wasu yana hannun jami'ai da dama, har da waɗanda aikinsu bai wuce tarbar baƙi da tura sanarwa ba. Yanzu an raba izinin gini da ikon kwashe kaya: na farkon yana ga kowane mamba, na biyun kuwa an taƙaita shi ga masu kula da fili, kuma ba za su taɓa kayan kowa ba sai bayan sun aika masa da gargaɗi a rubuce. Wasu jami'an sun ji zafin wannan mataki, suna ganin kamar an tuhumi amanarsu. Kwamiti yana so ya bayyana cewa ba haka ba ne. Dannawa ɗaya bisa kuskure na iya share filin gaba ɗaya, kuma idan aka mayar da kayan da aka riga aka mallaka wa ƙungiya, waɗanda ba su da izinin sauya hannu gogewa ake yi, ba sa komawa ga kowa. A ra'ayinmu, ikon da ke da irin wannan haɗari bai kamata ya bi muƙami don girmamawa kawai ba.

Game da kuɗi, filin ya ci gaba da tsayuwa a kan gudummawar kason ƙasa da mambobi masu rajistar biya suke bayarwa, tare da ƙarin kashi 10 cikin 100 da ake yi wa filayen ƙungiyoyi. An kuma ci gaba da biyan dalar Linden (kuɗin da ake amfani da shi a cikin Second Life) 30 a kowane mako domin filin ya riƙa fitowa a sakamakon bincike. Muna roƙon duk wanda zai janye gudummawarsa da ya sanar da ma'aji tun da wuri, domin idan kason da ke hannu ya gaza faɗin filin, ƙungiya na iya rasa wani ɓangare nasa.

Abin da ya rage ba a warware ba shi ne rabon nauyin kaya tsakanin mambobi. Tun da manhajar ba ta da hanyar tilasta wa kowa iyaka, masu kula da fili suna duba jerin masu kaya ne da hannu, aikin da ke cin lokaci kuma yake jawo ɓacin rai. Akwai masu ganin a yanka filin gida-gida, amma ya kamata mambobi su sani cewa filayen mai mallaka ɗaya a cikin yanki ɗaya suna cin kaso ɗaya ne, don haka yankawar za ta fayyace iyakoki ne kawai, ba za ta hana wani cinye rabon wani ba. Kwamiti yana ba da shawarar a amince da rubutaccen kaso ga kowane magini, a kuma ware wani lungu na gwaji inda za a riƙa share kaya a ƙarshen kowane mako. Za a kaɗa ƙuri'a a kan shawarwarin biyu a babban taro mai zuwa, kuma ana buƙatar mambobi su miƙa gyare-gyarensu ga sakatare kafin ranar.

Sakataren Kwamitin Kula da Fili