Amsa ga Baban da ya ce a rage ma'aikatan rajistar filaye

Assalamu alaikum Baba, ranka ya daɗe.

Ranar Lahadi a taron 'yan kasuwarmu na Agege ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: "Kai lauya da kake yawo da takardun filayen mutane, tunda an ce komai ya koma kwamfuta, me zai hana gwamnati ta sallami rabin ma'aikatan rajistar filaye, ta rage mana kuɗin takarda?" Kiran sallar Magariba ya katse mu ban ba ka amsa ba. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsar a inda kowa zai gani.

Baba, ban goyi bayan a rage su ba. Na san abin da ya sa ka faɗa, domin kuɗin yana ciwo, jiran kuma ya fi ciwo. Amma in aka bi shawararka, jiran ne zai ƙaru.

Bari in fara da inda aikin yake fitowa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 22 ya ce mai takardar mallaka ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar bankin Savannah da Ajilo, kan wani gida a nan Legas, ta ce jinginar da ba ta samu wannan amincewa ba rusasshiya ce. Ma'ana, kusan duk cinikin gida a wannan gari, daga Ikoyi har Mile 12, sai fayil ɗinsa ya bi ta Alausa, inda sakatariyar gwamnatin jiha take, kafin ya zauna da gindinsa. Ga Legas ita ce mafi ƙanƙantar ƙasa a jihohin Najeriya, ga mutane kamar ƙasa, kowane taƙi yana da masu ido a kansa.

To me ake yi wa fayil ɗin? Ofishin babban safiyo na jiha zai ɗora taswirar filinka a kan taswirar gwamnati, a ga ko ya faɗa cikin ƙasar da gwamnati ta karɓe, ko hanyar ruwa, ko inda titi zai bi. Wani zai binciki rajista ya ga ko an taɓa jinginar da gidan a banki. Mai kimanta daraja zai faɗi abin da gidan ya kai, domin a kan wannan ake yanka kuɗi. Lauyan gwamnati zai karanta yarjejeniyar. Kwamfuta tana adana duk wannan, tana kuma fito da shi cikin ƙiftawar ido, amma ba ta zuwa Ikorodu ta ga an tuge dutsen iyaka an matsar da shi taku goma. Tsofaffin takardun da aka rubuta tun zamanin Turawa ma, sai mutum ya zauna ya ɗauki hotonsu shafi-shafi, ya haɗa kowanne da filinsa. In ya yi kuskuren lamba ɗaya, kwamfuta za ta riƙe kuskuren da amana har jikokinka.

Batun kuɗi kuwa, an taɓa rage shi ba tare da an kori kowa ba. A Janairun 2015 Gwamna Fashola ya sauko da jimillar kuɗin amincewa da haraji da hatimi da rajista daga kashi 13 cikin 100 na darajar gida zuwa kashi 3. A gidan naira miliyan 20, ka ga an tashi daga miliyan 2 da dubu 600 an koma dubu 600. A shekarar ce kuma aka yi dokar rajistar filaye ta jiha, wadda ta tattara tsofaffin dokoki wuri ɗaya ta ba wa adana bayanai a kwamfuta gindin zama. Ka lura, Baba, kuɗin da muke biya ana lissafa shi ne da darajar gida. Albashin magatakarda ba ya cikin lissafin. Ko an sallami ma'aikata ɗari, kason da ake yanka a kan darajar gida yana nan daram.

Abin da ke cinye mana aljihu shi ne jinkiri. Duk watan da fayil ya ƙara a kan tebur, banki ba zai ba ka rance da gidan ba, mai saye yana ja da baya, 'yan "kawo in bi maka" kuma suna samun kasuwa. Tebur ɗaya mai fayil ɗari biyar shi ke haifar da dillalin bakin ƙofa.

Akwai abin da ban manta ba. Bara wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta zo ofishina da 'yarta. Ta kwance leda, ta kwance wani ɗankwali, ta fito da rasit guda ɗaya da ya yi ja saboda tsufa, gara ta ci gefen da sa hannun yake. Shekara ashirin da wani abu suna cikin gidan. Shaidu biyun da aka yi cinikin a gabansu duk sun riga mu gidan gaskiya. Sai ga 'ya'yan dangin da suka sayar, waɗanda nan ake kira omo onile, sun dawo suna cewa ba su san zancen ba. Ta ce mini, "Marigayi ya ce kuɗin rajista ya yi yawa, kuma ai kowa a unguwa ya san namu ne." Na rasa abin da zan ce mata. Akwai dokar 2016 ta zamanin Gwamna Ambode da ta haramta ƙwacen fili da ƙarfi, da ita muka samu aka dakatar da su, amma har yau muna kotu, abin da ta kashe kuma ya wuce kuɗin rajistar da aka guje wa. Mu Hausawa mun saba da ciniki na amana, a tafa hannu a yi fatiha. A garin da fili yake tsada haka, wannan ba ya isa.

Don haka in ƙungiyarmu za ta rubuta wa gwamnati, ga abin da nake so mu nema. A ƙara masu safiyo da masu kimanta daraja da masu adana takardu, a biya su albashin da zai sa su daina kallon hannun mutane. A riƙa buga wa jama'a, duk wata uku, fayil nawa suka shiga, nawa suka fita, kwana nawa kowanne ya yi, domin da wannan ne kawai za mu gane ko ma'aikatan sun yi yawa ko sun yi kaɗan. A buɗe teburin karɓar takardu a ƙananan hukumomi, kada mutumin Badagry ko Epe ya kashe yini a cunkoson mota don tambaya ɗaya. Sashe na 45 na dokar 1978 ya ba gwamna damar wakilta kwamishina ya sa hannu a madadinsa, to a yawaita masu sa hannun.

Kai kuma Baba, shagunan nan biyu da ka ce mini rasit kawai gare su, ka kawo mini takardun ranar Asabar bayan La'asar mu fara da binciken taswira. Ba zan karɓi ko kwabo ba a kan dubawar.

Allah ya ƙara girma, ya ja da rai.

Ɗanka,
lauyan ƙungiya, Agege