Wasiƙa zuwa ga 'yata mai aikin jinya a Ingila

Assalamu alaikum Mamana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyin garin? Mu nan kowa lafiya, innarki tana gaishe ki. Na ji an mayar da ke ɓangaren masu taɓin hankali, Allah ya sa albarka. Tunda koyar da Turanci na tsufa ina yi, bari in ja miki kunne a kan bakinki.

Mutanen Ingila suna da kalmomin hauka barkatai, kuma da yawansu raha ce. Za ki ji wata ta ce wa ƙawarta "you're mad" ko "bonkers" ko "nuts" don kawai ta fito ba rigar sanyi, a kwashe da dariya. Kada ki tayar da jijiyar wuya in an ce miki haka. Ba irin "are you mad?" ɗinmu na tasha ba ne, wanda daga shi sai cin kwala. Ba'amurke kuwa in ya ce "mad", galibi fushi yake nufi.

Amma akwai masu dafi: "nutter", "psycho", "mental", "loony". Ko a bakin wanda ya girme ki a aiki kika ji su, ki bar masa kayansa. Ita "loony" gutsuren "lunatic" ce, wato mahaukaci, mai tushe daga sunan wata a harshen Latin, don mutanen da sun ɗauka wata ne ke tayar da ciwon. Kin san a nan ma akwai masu faɗin haka. Ingila ta fara kawar da kalmar "lunatic" daga dokokinta a 1930, Amurka sai 2012. Mu kuwa dokar 1958 mai ɗauke da wannan suna muka riƙe har Janairun 2023, da Buhari ya sa hannu a kan sabuwa. Abin kunya ne, amma a bar zancen.

In kin ji sun kira hargitsi "bedlam", sunan asibitin Bethlem ne na Landan, na masu taɓin hankali, inda jama'a ke shiga kallon marasa lafiya kamar 'yan wasa, har sai da aka hana a 1770.

Wadda ba a wasa da ita ko kaɗan ita ce "sectioned". Ma'anarta an tsare mutum a asibiti ba da son ransa ba, bisa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983: sashe na 2 har kwana 28, sashe na 3 har wata 6. Ranar da kika faɗa wa uwa wannan a kan ɗanta, ki zauna tukuna, ki sassauta murya.

A takardar majinyaci kuma, abin da idonki ya gani za ki rubuta: bai yi barci ba, ya ƙi abinci, ya ce yana jin muryoyi. Kada ki laƙaba masa suna. Doka ta ba shi damar neman takardarsa, wata rana ya karanta abin da kika rubuta.

Ki kira kakarki ranar Juma'a, tana ta cigiyarki.

Mahaifinki