Sanarwa kan bitar darasin anzim

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗalibai.

Ana sanar da ku cewa bitar SVT (darasin kimiyyar halittu da ƙasa) ta ranar Asabar za ta kasance a kan anzim, wato sinadaran nan, galibinsu furotin, da ke gaggauta ayyukan jiki ba tare da su kansu sun ƙare ba. Za mu fara da siffarsu, domin kowane anzim yana da gurbin da abin da ya dace da shi kaɗai ke shiga, abin da masanin sinadarai Emil Fischer ya kwatanta da kwaɗo da makulli a 1894.

Kowa ya zo da ɗan kunun gero marar tsami. Idan aka ɗiga masa iyod zai koma shuɗi mai duhu saboda sitacin da ke cikinsa, amma wanda aka gauraya da yawu aka bar shi a ɗumi na digiri 37 zai daina nuna launin, saboda amilaz, anzim ɗin da ke cikin yawu, ya farfasa sitacin. Zafin Damagaram na wannan lokaci ma ya kusa isar mana. Yawun da aka tafasa kuwa ba zai yi komai ba, tunda zafi ya lalata siffar gurbin.

A karanto batun pepsin, anzim ɗin da ke aiki a tsamin ciki, wajen 2 a ma'aunin tsami na pH.