Rahoton Shekara na Ƙungiyar Adana Tarihin Ikkilisiyarmu ta Metodis

Ƴan'uwa cikin Kristi, salama.

Taron wata-wata mun yi shi kamar kullum, fuskokin dai su ne waɗanda kuka sani.

Littafin tarihin da muka yi alkawari bara bai fito ba, kuma na gaji da amsa tambayar a bakin ƙofar majami'a. Tsohuwar rajistar baftisma gara ta ci gefenta, ruwan rufi ya ɗiga mata, sai da muka ɗauki hoton kowane shafi da waya kafin mu soma kwafa. Mu uku ne a kan aikin, kowa da nasa neman abinci. Hira da dattawa ma ta tsaya rabi, don babu kuɗin mota zuwa wurin waɗanda suka ƙaura. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya ɗauki dutsen harsashin ginin da kansa, ya rasu ba mu ɗauki muryarsa ba.

Amma ranar 24 ga Mayu ta wanke mana zuciya. Mun tuna daren 1738 da John Wesley, wanda ya kafa Metodis, ya ji zuciyarsa ta ɗumama a wani taro a titin Aldersgate na Landan, muka kuma baje kayan iyayenmu a kan tebur: ƙoƙon jibin Ubangiji na farko, fitilar sujadar asuba, da littafin waƙoƙi mai bangon da aka ɗinke da zare. Wata kaka ta gane rubutun mahaifinta a rajista, ta ɗora yatsa a kan sunanta, ta kasa magana. Mawaƙa suka rera waƙoƙin Charles Wesley, ƙanen John, har matasan da ke zaune a baya suka kama. Benci bai isa ba, sai da aka kwaso na ajin yara.

Sai maganar kuɗin wata. A 1742, Metodis na Biristol sun kasa kansu rukuni-rukuni, kusan mutum goma sha biyu kowanne, ana ba da kobo ɗaya na Ingila duk mako don biyan bashin ɗakin taronsu, daga nan tsarin aji, wato kasa masu bi cikin ƙananan rukunai, ya samo asali. Mu kuwa, wasu da suka fi kowa ɗaukar hoto ranar biki ba su biya ko sisi ba tun Janairu. Ba zan ƙara bin kowa gida ba. Ma'aji zai zauna da littafinsa bayan sujada ranar Lahadi.

Sakatare