Wasiƙa zuwa ga ɗana da ya bar Aboabo

Aboabo, Kumasi

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai cewa mu ma lafiya muke, sai dai ciwon gwiwar mahaifiyarka da ke tashi duk lokacin da damina ta kankama. Na zaɓi in rubuta maka ne maimakon in kira ka, domin kullum muka yi waya sai ka ce kana cikin mota ko kana wurin aiki, ni kuwa maganar da ke bakina ba ta tsaye ba ce.

Labari ya iso mini ta bakin wani direba mai jigila tsakanin Kumasi da Accra cewa tun kafin azumi ka bar ɗakin da kawunka ya ba ka a zangon Nima cikin Accra, ka kama wani can wajen Oyibi a kan hanyar Dodowa, a gidan da babu wanda ya san sunan mahaifinka. An ce har kuɗin hayar shekara biyu ka biya a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ba ta yarda mai gida ya karɓi fiye da na wata shida ba, amma wannan guminka ne, ba zan yi maka lissafinsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar da aka ce ka bayar da aka tambaye ka dalili, wai ba ka baro zangon Kumasi don ka sake faɗawa wani zangon ba. Kawunka bai ce mini komai ba, ka san halinsa na kawaici, sai da na matsa masa sannan ya tabbatar mini cewa ko sallama ba ka yi masa ba, mabuɗi kawai ka bar wa yara.

Ban manta abin da ka faɗa a tsakar gida ba ranar da za ka tafi, a gaban ƙannenka, cewa ka tsani unguwar nan kuma ba za ka bari 'ya'yanka su tashi a cikinta ba. Ka ambaci kwatar da ke bakin ƙofa, da layin banɗaki da asuba, da rafin Aboabo da ke cika da shara ya tumbatsa cikin ɗakuna, da cunkoson da ya sa mutum ba zai yi tari ba sai maƙwabci ya ji, da yadda mai ɗaukar aiki ke sauya fuska idan ya ji daga zango ka fito. Ban ƙaryata ka a ranar ba, yau ma ba zan ƙaryata ka ba. Har yanzu shatin ruwan bara yana nan a bangon ɗakin mahaifiyarka, daidai gwiwa, kuma ni ne na ɗaga katifarta bisa durom cikin dare ina riƙe da tocila a baki. Amma da ka ce wai da na ga dama da tuni na sayar da rabona na gidan nan na yi gini a Asokore Mampong kamar yadda wasu suka yi, ka yi magana ne irin ta wanda bai san inda kuɗin suka tafi ba. Abin da shago ya kawo a shekarun nan makarantarku ce ta cinye shi, kai da yayarka, kuma kakarka ta rantse ba za a fitar da ita daga gidan mijinta ba sai a makara. Ba zan saɓa wa mahaifiyata don in sami bene ba.

Ba na ganin laifinka don ka tashi. Mu jikokin fatake ne, kakanninmu daga ƙasar Hausa suka biyo hanyar goro zuwa Gwanja, suka zauna a Salaga, kuma da yaƙin 1892 ya watsa garin sai kowa ya kama gabansa, wasu Kete Krachi, wasu Accra, namu kuma daga baya suka gangaro Kumasi. Sai dai babu ɗayansu da ya taɓa sauka a gari ya nemi lungun da ba a san shi ba. Baƙo yakan fara ne da neman maigidan da zai sauka a wurinsa, maigida ya kai shi gaban Sarkin Zango da liman, a san garinsu, a san ubansa, a san sana'arsa, domin idan ciniki ya ɓaci a sami mai tsaya masa, idan ya kwanta ciwo a sami mai leƙa shi. Da haka suka rayu a ƙasar da ba su da gona ko ɗaya a cikinta.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ke hana ni barci. Tsorona shi ne ka kwanta ciwo a bayan ƙofar da ba mai ƙwanƙwasa ta. Ka san yaron gidan mai wanki da ya tafi Accra shekarun baya da irin maganarka a bakinsa, amma ba ka san yadda muka same shi ba, domin kana makaranta a lokacin kuma na hana a faɗa maka. Zazzaɓi ne ya kama shi a ɗakin haya, maƙwabtansa suka ɗauka tafiya ya yi, sai da wari ya fito aka fasa ƙofa, kuma da yake ba wanda ya san danginsa sai aka kai shi ɗakin ajiyar gawa na wani asibiti, ya yi makonni a can kafin labari ya iso unguwa. Ina cikin waɗanda suka je. Na ga an jawo shi daga cikin sanyi da 'yar takarda mai lamba ɗaure a babban yatsan ƙafarsa, babu suna a jikinta, kuma da muka zo wanka sai malam ya ce a kwarara ruwa kawai, domin jikin ba zai jure hannu ba. Mahaifinsa yana tsaye a bakin ƙofa yana tambayarmu ko mun tabbata shi ne. Mu da ke gaggauta kai mamacinmu makwancinsa, wanda ya cika da safe kafin la'asar an kai shi maƙabartar Tafo, sai ga ɗanmu ya yi makonni ba wanka ba salla. Tun daga ranar da direban nan ya yi mini magana, fuskar yaron nake gani, kuma idan wayarka ta yi ta ƙara ba ka ɗauka ba sai in kasa cin abinci.

Accra kuma ba garin da mutum zai zauna shi kaɗai ba ne. Ka tuna daren 3 ga Yuni, 2015, da ruwa ya cika Kwame Nkrumah Circle, mutane suka fake a gidan mai, man ya malala bisa ruwa ya kama da wuta, fiye da mutum 150 suka rasu, wasu ma ba a iya gane su da ido. Waɗanda ke da mutane, kafin gari ya waye an lura ba su dawo ba, an bazama asibitoci nemansu. Kai idan ba ka koma Oyibi ba yau da dare, faɗa mini wa zai lura?

An kuma gaya mini cewa a wurin aiki ka gutsure sunanka yadda ba za a gane na Musulmi ba ne, kuma idan aka tambaye ka gida sai ka ce Kumasi ka yi shiru. Idan gaskiya ne, to ka ji kunya. Sunan mahaifina ne a kanka, mutumin da a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar ƙasar, ya ga an loda abokan cinikinsa a manyan motoci da tabarmi da tukwane, shi kuwa ya tsira ne saboda dattawan unguwa da maƙwabtansa Ashantawa sun tsaya sun shaida a nan aka haife shi. Mutanen da kake gudu yau, iyayensu ne suka yi wannan shaidar. Su ne kuma suka ɗauke ka a kafaɗa cikin ruwan sama zuwa bakin titi daren da ka sanƙare kana ɗan shekara bakwai ina Tamale, matar da kake cewa ta cika gulma ita ce ta kwance bakin zanenta ta biya kuɗin mota. Ka ƙi kwata, ka ƙi sauro, wannan na fahimta, amma wane laifi mutanen suka yi maka da za ka haɗa su da kwatar? Ban haifi ɗan da zai raina waɗanda suka goya shi ba.

Na san zafin zuciya ne da ƙuruciya, kuma na san kana da kirki, domin ko wata ɗaya ba ka taɓa fasa aiko wa mahaifiyarka kuɗin magani ba, tana kuma sa maka albarka a kowace salla. Ba na cewa ka dawo Aboabo, ba na ma cewa ka koma Nima. Ka zauna inda iska ke shiga ɗakinka, Allah ya sa wata rana ka gina naka. Abin da nake nema a wurinka kaɗan ne. Ka je ka ba kawunka haƙuri da bakinka kafin watan nan ya ƙare. Unguwar Madina ta nan Accra ba ta da nisa da kai, gwaggonka tana can, ka riƙa yin Juma'a a masallacin unguwarsu kana biyawa ka gaishe ta, ka bari liman da mutanen sahu su san fuskarka, yadda idan aka yi Juma'a biyu ba a gan ka ba wani zai tambaya. Ka ba mai gidan da kake haya lambata da ta kawunka, ka faɗa masa cikakken sunanka da addininka, ni ma ka aiko mini da tasa lambar da kwatancen gidan.

Mahaifiyarka ba ta san ka bar Nima ba, kuma ba na so ta ji a bakin wani, saboda haka kai za ka faɗa mata da kanka idan ka zo Babbar Salla. Ina jiran lambar mai gidan a cikin makon nan. Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Mahaifinka