Taskar kalmomin wasan sket ta cancanci a dube ta da idon basira

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan jaridarka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɗan aiki da na ga ana yi wa dariya a gidanmu a nan Yamai, alhali kuwa a ganina yana cikin ayyukan da harshenmu yake bukata a yanzu.

Ɗiyar ƙanwata tana karatun aikin ɗakin karatu da adana takardu, sai aka umarci kowane ɗalibi a ajinsu ya zaɓi fanni guda ya tsara masa abin da masana suke kira tezorus, wanda ni na fi son in kira shi taskar kalmomi. Abokan karatunta sun ɗauki noma da kiwon lafiya da shari'a, ita kuwa ta ɗauki sket, wato wasan nan na allo mai ƙananan tayoyi huɗu da ƙanenta yake yi da la'asar a kan dakalin siminti. Mahaifinta ya ce an yi asarar kuɗin makaranta. Ni da na shafe shekaru ina rubuta katin littattafai na ce masa: "Malam, ka ƙyale yarinyar nan, domin ta zaɓi abin da zai koya mata sana'ar da gaske."

Ƙamus yana gaya wa mutum ma'anar kalma ne, amma taskar da ake yi wa ɗakin karatu tana da wata manufa dabam: ta tsai da kalma guda da za a riƙa rubuta abu da ita a kundin bincike, ta jera sauran sunayensa domin su kai mai nema gare ta, sannan ta nuna wace kalma ce uwa, wace ce ɗiya, waɗanne ne maƙwabta. Tun 1852 wani likita Bature, Peter Mark Roget, ya buga littafin da ya jera kalmomin Ingilishi bisa ma'ana, kuma a yau akwai ƙa'idar duniya mai lamba ISO 25964, wadda kashinta na farko ya fito a 2011, da take bayyana yadda ake gina irin wannan taska domin neman bayanai. Na san amfaninta tun ranar da wani yaro ya shigo ɗakin karatun da nake aiki ya tambayi littafin sket, abokin aikina ya duba ya ce babu, yaron ya juya ya tafi. Littafin yana nan a kan kanta, a lamba 796.22 ta tsarin Dewey na jera littattafai, sai dai an rubuta katinsa da dogon sunan Faransanci mai nufin katako mai tayoyi, kuma babu wani kati da zai ce wa mai neman sket ya duba can. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Dalilin da ya sa na ce ta yi zaɓi mai kyau shi ne kalmomin wannan wasa ba malamai ne suka zauna suka ƙirƙire su ba. Wasan ya taso a Kalifoniya ta ƙasar Amurka wajen shekarun 1950, a hannun masu hawan igiyar teku da suke neman abin yi ranar da ruwa ya kwanta, kuma ya bunƙasa a farkon shekarun 1970 bayan da Frank Nasworthy ya kawo tayoyin roba mai kama ƙasa. Yara ne suka riƙa laƙaba wa motsi sunaye a bakin titi. Tsallen da ake kira oli, inda allon yake tashi tare da ƙafafu ba tare da an sa hannu ba, ya samo suna daga laƙabin Alan Gelfand na jihar Fulorida, wanda ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1970, kafin Rodney Mullen ya mai da shi abin da ake yi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Wanda ya iya shirya irin wannan hargitsi, kalmomin noma ba za su ba shi wahala ba. Kuma wasan ya wuce a raina shi, tunda ya shiga gasar Olamfik a Tokiyo a 2021, inda Momiji Nishiya ta Japan ta ci zinare tana da shekara 13.

Na zauna da ita dare uku a tsakar gida, mun yanyanka kwalin sukari mun mai da shi katuna, muna rubuta kalma guda a kan kowanne muna jerawa a kan tabarma, an danne su da tsakuwa saboda iska. Tari ɗaya na kayan wasa ne, ɗaya na wurare, ɗaya na motsi, ɗaya na tsayuwa. Ƙanenta yana gefe yana wanke ƙananan boris na tayoyinsa da kananzir a cikin gwangwanin tumatir, domin yashin Yamai ba ya barin taya ta yi mako tana juyawa lafiya, kuma shi ne alƙalinmu duk lokacin da muka yi gardama.

Gardamar farko a kan allo aka yi ta. Ga Bahaushe allo shi ne na almajiri, ko na aji, ko kuma fuskar talabijin, saboda haka dole aka ƙara masa bayani aka rubuta "allon sket", aka kuma sa "katako" ya zama ƙofar da take kai mai nema gare shi, tunda haka ƙanen nata yake kiransa. Taya ma ta ba mu aiki, domin a rubuce ba a bambanta tayar da take juyawa da taya mutum aiki ko taya kaya a kasuwa. Ƙarfen da yake riƙe tayoyi a ƙarƙashin allon kuwa, sunansa na Ingilishi ɗaya ne da na babbar mota, har manhajar fassara ta gaya mata wai kowane allo yana da manyan motoci biyu. Inda na fi jin daɗi shi ne wajen motsi biyu da nake ɗauka abu ɗaya ne. Yaron ya ajiye gwangwaninsa ya nuna mana cewa idan ƙarfen ne yake bin bakin dakali wani abu ne, idan kuwa cikin katakon ne yake bi wani abu ne dabam, sai muka sa wa na farko gurza, na biyu zamiya, muka haɗa su ƙarƙashin uwa ɗaya. Haka kuma mai sa ƙafar hagu a gaba da mai sa ta dama kowa da sunansa, kuma babu ɗayansu da yake nufin bahago, ko da yake na so in cusa kalmar aka hana ni.

A nan nake da ra'ayi mai ƙarfi, ya Edita. Tunda kundin sake gina ƙasa da gwamnati ta fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, za a ga masu son zama a ofis su ƙera wa kowane baƙon abu suna su tilasta wa jama'a. Aikin taska ya koya mini cewa a fara sauraron masu abin tukuna. Idan yara suna cewa oli, a rubuta oli da haruffanmu a sa shi ƙarƙashin tsalle. Idan Hausa tana da kalma a shirye kamar gurza, a ɗauke ta. Wadda aka ƙi zaɓa kuma kada a jefar da ita, a bar ta ta riƙa yi wa mai nema jagora.

Abin da ya fi damuna shi ne kokawa, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, take kuma tsai da harkokin gari duk lokacin da ake neman takobin da ake ba zakaran gasar. Sunayen kamu da na kaye, da kirarin ƴan kokawa, da kiɗan da ake yi musu, suna bakin tsofaffin ƴan wasa da makaɗa, kuma abin da ake kira da suna ɗaya a Maraɗi yana iya samun wani a Dosso ko Damagaram. Ɗalibar da ta koyi dabarar a kan sket za ta iya ɗaukar katunanta ta je fagen kokawa, kuma ina kira ga malaman Jami'ar Abdou Moumouni da masu kula da ɗakunan karatu su ba irin wannan aiki muhimmanci.

Ina kuma roƙon masu karatu da suke da yara masu wannan wasa su aiko wa jaridar nan da sunayen da suke ji a bakinsu. Akwai kati ɗaya da har yanzu bayansa fari ne, na motsin da ake shurin allon da ƙafa ya wulwula sau ɗaya a iska kafin a dira a kansa. Yaron ya ce kikfilif, ɗiyar ƙanwata ta ce wulwule, kuma a ƙarshen wata za ta miƙa aikin.

Naka mai karatu,
Wani ma'aikacin ɗakin karatu, Yamai