Godiya ga shagon da ya duba mini hular kwano

Zuwa ga dattijon da ke riƙe da shagon kayan tarihin soja a garin da nake zaune a Ingila, da 'yarsa mai kula da takardu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Da Hausa na rubuta wannan takarda duk da na san ba kwa ji, domin ina so 'yan uwana masu sha'awar kayan mazan jiya su karanta. Ɗana ya yi alkawarin zai juya muku ita ranar Asabar.

Kakana ya je yaƙin Bama. Yana cikin bataliya ta 4 ta sojan Najeriya, ƙarƙashin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka haɗa a 1943, ta yi fama da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944. Tambarin rundunar baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, shi ya sa muna yara muke tsokanar tsohon da cewa shi yaron Gizo ne. Ya rasu bai bar mana ko maɓallin kaki ba. To da na ci karo da hular kwano a intanet, ga gizo-gizon an zana a gefenta, mai sayarwa kuma ya rubuta cewa daga Bama ta dawo, ban tsaya shawara da kowa ba. Na biya fam 300, na kwana uku ina leƙen taga ina jiran mai kawo saƙo.

Maiɗakina ce ta fara cewa ita fa tana jin warin fenti. Na ce mata ba ta san kayan tarihi ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, har na naɗe hular a tawul na kawo muku.

Abin da ya fara burge ni, ba ku kalli gizo-gizon ba sam. Kifar da hular kuka yi, kuka haska ƙarƙashin bakinta da 'yar tocila, kuka nuna mini haruffan da aka buga a jikin ƙarfen: BMB, da shekarar 1941. Kuka ce kamfanin Briggs Motor Bodies ne na Dagenham, masu ƙera gangar jikin mota, waɗanda yaƙi ya mayar da su maƙeran hula. Samfurin da ake kira Mk II ce, wadda Ingila ta fara yi a 1938. Zuciyata ta yi fari, na ce ashe ban yi asara ba. Kuka ce in dakata tukuna.

Sai kuka ciro ɗan maganaɗisu daga aljihun riga, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuka ɗora a tsakiyar hular. Ya manne ƙam. Nan kuka yi mini bayanin da ba zan manta ba: hular da aka yi don fagen daga da ƙarfe mai haɗin manganis ake ƙera ta, maganaɗisu ba ya kama shi. Wadda ya kama, ƙarfe ne mai sauƙi, na masu aikin cikin gida, irin su 'yan kwana-kwana da masu gadin unguwa lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a biranen Ingila. Kuka nuna mini ƙananan huji uku a bakin hular, kusa da inda maɗaurin haɓa yake. Ni da na ɗauka cin tsatsa ne. Ashe da gangan aka huda, alama ce ta cewa kada a ba sojan da ke gaban abokan gaba, kuma ana yin huji daga ɗaya zuwa huɗu gwargwadon irin ƙarfen. Har kuka ƙara mini da cewa hulunan da aka ƙera a Afirka ta Kudu su ma suna da huji uku, amma a ƙeya suke, don rataya ƙyallen kare wuya daga rana, kuma akwai masu sayarwa da ke rikita mutane da wannan.

Sai a ƙarshe kuka zo kan Gizo. Kuka miƙo mini gilashin da ke ƙara girman abu, kuka ce in duba da idona. Baƙin fentin ya gangara ya cika ramukan tsatsa, ya haye kan tsofaffin ƙarzuna. Da a 1944 aka zana shi, da tsatsar ce za ta ci fentin, ba fentin ya rufe tsatsa ba. Wani ne kawai ya sami hular ɗan kwana-kwana ta gaskiya, mai araha, ya zauna da burushi ya ninka mata kuɗi. Ya ma goga wani abu a kai don ta yi kamar ta tsufa. Maiɗakina ta yi gaskiya, kuma har yau ba ta bar ni na huta ba.

Na ga yadda kuka lura fuskata ta canza. Ba ku yi mini dariya ba, ba ku kuma yi saurin jawo wata hular daga kanta kuka ce ga ta gaske in saya ba, alhali ga su nan jere a bayanku. Shayi kuka sa aka kawo, kuka ɗauko wani kundin hotuna, muka zauna. A yawancin hotunan sojojinmu a dajin Bama, malafar yadi mai faɗin baki ce a kansu, wasu kuma ga kaya niƙi-niƙi a ka, domin a kan mutane aka yi dakon yawancin kayan rundunar a waɗannan tsaunuka. Shi ya sa tambarin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, 'yar uwar ta 81, ya zama mashi biyu a gicciye bisa gammo. Kuka ce in ina neman abin da ya fi kusa da jikin kakana, in nemi tambarin yadi na kafaɗa, shi ma in kawo a duba saƙarsa da zarensa kafin in biya. Na yi mamakin jin Bature yana ambaton Myohaung, wani gari a Bama inda rundunonin biyu suka haɗu a Janairun 1945. Da na gaya muku akwai barikin soja mai wannan suna a Legas, da barikin Chindit a Zariya, mai sunan wata rundunar da ita ma ta yi yaƙin Bama, ku ma mamakin kuka yi.

'Yarku kuma ta zauna ta buga mini rahoto shafi biyu, da hoton tambarin, da na hujin, da na fentin a kusa. Da shi na mayar da hular, kuɗina suka dawo cikin mako biyu. Abin da kuka karɓa na aikin bai kai kuɗin jirgin ƙasan da zai kai ni Landan ba.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa shagon albarka, ya ba ku lafiyar idon da kuke wannan aiki da shi. Ranar Asabar ɗana zai zo da takardar, da ƙullin kilishi da aka kawo mana daga gida. Akwai yaji, a ci a hankali.

Naku,
Jikan wani tsohon soja na runduna ta 81